Kaboyi a Ƙasar Hausa: Bayan Fagen Fim ɗin Mustafa Alasan da Idon Bagobiri

A shekarar 1966 Mustafa Alasan na Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier, fim mai tsawon kusan rabin sa'a, wanda masana ke ɗauka a matsayin fim ɗin kaboyi na farko da baƙar fatar Afirka ya yi. Labarin gajere ne: saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da malafa, takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sabon suna, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da sata da duka.

Abin da ya faru a bayan fage ya fi labarin jan hankali, kuma an yi sa'a an adana shi. Wani Bafaranshe, Serge Moati, ya ɗauki yadda aka yi aikin a wani ɗan fim mai suna Les cow-boys sont noirs. A ciki aka ga cewa 'yan wasan samarin Yamai ne masu sana'o'insu, direbobin tasi da makanikai da magina, waɗanda silima ta riga ta koya wa tafiyar kaboyi da riƙon bindiga tun kafin darakta ya buɗe baki. Djingarey Maïga, wanda ya fito a matsayin Black Cooper, ɗaya daga cikin gungun, daga baya ya zama darakta. Zalika Souley kuwa, mace ɗaya tilo a cikin gungun, ta sha tsangwama a gari, don jama'a sun kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu. Ta faɗi hakan da bakinta a wani fim da Rahmatou Keïta ta yi a kanta a 2004.

Masu sharhi a Turai sun fi karanta fim ɗin a matsayin ba'a ga kwaikwayon Amurka. A ganina wannan karatu ya tsaya a kan malafa ya manta da doki. Bagobirin Sabon Birni ko Isa ya san doki kayan sarauta ne. Tun zamanin Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Alkalawa, har bayan faɗuwar birnin a 1808 da komawar wasu Gobirawa Tsibiri, mai hawa da makami barden wani sarki ne, akwai wanda zai tuhume shi. Abin da Alasan ya ɗora a majigi shi ne yaron gari a kan sirdi, ɗauke da bindiga, ba ya jin kiran kowa, har dattawan ƙauye suka rasa ta cewa.

Ba ina cewa silima ce ta haifi 'yan bindigar da suka ƙona matafiya a hanyar Sabon Birni zuwa Isa a Disambar 2021 ba. Wannan rikici tushensa rigimar kiwo da noma, satar shanu, raunin hukuma da makaman da ke tsallako iyaka. Sai dai Alasan ya hango yadda makami daga waje ke juya tsarin girma a ƙauye, shekaru hamsin kafin babur ya maye gurbin doki a dajin gabashin Sakkwato.