Cimaka da Gyaran Fata: Nazarin Abin da ke Tsufar da Mata da Wuri a Yankin Kwaya

Tsakure

Maƙalar ta dogara da binciken likitoci da ƙididdigar hukuma da aka riga aka wallafa, domin duba abin da ke sa mace yamushewa tun ba ta manyanta ba a Kwaya, cikin gundumar Magarya ta jihar Damagaram, da kuma Dungas da aka yanke daga Magarya a 2011. Matsayin da ta tsaya a kai shi ne, ƙarancin jini da man bilicin sun fi yawan shekaru yi wa fatar matan yankin ɓarna.

Rana da hunturu

Macen karkara a rana take yini: surfe, daka, ɗiban ruwa, neman itace, da damina kuma ga aikin gamana. Duk da haka halitta ta yi mata gata. A 1979 Kaidbey da abokan aikinsa a Amurka sun auna kariyar da baƙar fata ke bayarwa daga hasken rana mai ƙuna, suka samu ta kai ma'aunin 13.4, ta farar fata kuwa 3.4. Shi ya sa tamoji ke jinkirin bayyana a fuskar baƙar mace. Hunturu shi ne ya fi ƙarfin wannan gata, domin busasshiyar iskarsa na tsotse danshin fata, ta bar kaushi da faso. Maganinsa tsoho ne: man shanu, man gyaɗa ko man kaɗe, a shafa da an fito wanka, jiki bai gama bushewa ba.

Jini kafin fata

Ƙididdigar lafiya ta ƙasar Nijar ta 2012 ta nuna kashi 46 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini. A jihar Damagaram kuma, ƙididdigar ta nuna matsakaicin abin da mace ke haifa ya kai ƴaƴa 8.5. Kowane ciki yana cin kusan miligiram 1,000 na sinadarin ƙarfe. Idan aka yi kwanika, wani cikin kan shiga jiki bai mayar da abin da ya rasa ba, sai a ga fuska ta koɗe, gashi na zuba, farce na karyewa.

Gero, wanda shi ne tuwo shi ne fura, yana da ƙarfen, amma tare da wani sinadari da ke ɗaure shi ya hana hanji tsotsa. A nan dabarar kakanni ta yi daidai da kimiyya: jiƙa gero ya kwana, ko barin gasara ta yi tsami, na rage wannan ɗauri. Shayi bayan abinci kuwa ƙara shi yake yi. Bitamin C na taimaka wa hanji karɓar ƙarfe, kuma sai da shi jiki ke ƙera kolajin, zaren da ke riƙe fata ta tsaya ɗam. Garin ƴaƴan kuka da ake damawa da nono yana cikin abubuwan da suka fi ƙunsar bitamin C. Ga zogale da wake, ga fara, wadda ƴan birni kan ɗauka abin marmari ce kawai alhali nama ce sosai.

Akasarin waɗannan a gona suke. Binciken Larwanou da Abdoulaye da Reij na 2006 ya ƙiyasta manoman Magarya da Matameye da Mirya sun raya itatuwa a kusan hekta miliyan ɗaya, gawo ne kan gaba. A birnin Damagaram kuma, kamfanin Sahara Sahel Foods da aka kafa a 2014 na tatsar man aduwa.

Man bilicin

Nan ne ɓarnar ta fi muni, domin da kuɗi ake sayenta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na shafa man canza launi, kuma kayan kasuwannin Kano ba sa wuyar tsallako iyaka. Mayukan kan ƙunshi haidurokwinon, ko sinadarin makuri mai lalata ƙoda, ko magungunan kumburi masu ƙarfi da ke sirantar da fata har ta riƙa tsagewa. Haidurokwinon yana hana fata yin launin nan da ke kare ta daga rana. Tun 1975 likita Findlay ya bayyana a Afirka ta Kudu yadda daɗewa ana shafa shi ke barin baƙin tabo a kunci, mai wuyar magani. Kot Dibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ta bi sahu a 2018.

Ya kamata ungozomomi da ma'aikatan gidajen likita na Kwaya da Dungas, in mace ta zo awon ciki, bayan sun ba ta ƙwayar ƙarin jini, su tambaye ta wane mai take shafawa, su ce ta zo da kwalbarsa a zuwa na gaba.