Takardar Kaziye da Sauran Bayanan Shari'a: Ina Ake Samun Su a Yamai?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman aikin gwamnati, ko shiga soja, ko tsayawa takarar zaɓe, ko bizar zama wata ƙasa, ya san akwai takarda guda da ba a rasa ta cikin jerin abin da ake tambaya. Ita ce wadda jama'a ke kira kaziye. A Faransanci ana rubuta sunanta casier judiciaire. Mutane da yawa suna tsoron neman ta, domin an taɓa kai su komisariya kan wata rigima, suna zaton sunansu ya ɓaci har abada. Wasu kuma sukan yi kwanaki suna yawo daga ofis zuwa ofis, har ranar rufe karɓar takardu ta wuce.

Wannan bayani zai nuna wuraren da hukuma ke rubuta sunan wanda aka kama ko aka yi wa shari'a, da wanda ke da ikon ganin rubutun, da hanyar neman sa. Babban abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne: kamu daban, hukunci daban. Hukuncin kotu ne kaɗai ke shiga kaziye.

Wurare uku da ake rubuta sunan mutum

*Na farko, komisariya ko ofishin jandarma.* In an kama mutum, ana rubuta sunansa, da ranar kamun, da lokacinsa, da dalilinsa cikin babban littafin tsaro. Ana kuma rubuta abin da ya faɗa a takardar bincike, a karanta masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A laifin yau da kullum, wa'adin tsaro awa 48 ne. Mai shigar da ƙara na gwamnati yana iya ƙara wasu awa 48. Laifin ta'addanci da na miyagun ƙwayoyi suna da wa'adi mafi tsawo. Waɗannan rubuce-rubuce na aikin bincike ne, ba a buɗe su ga jama'a.

*Na biyu, kotu.* Kowace kotu tana da ofishin magatakarda. A nan ake ba kowace ƙara lamba, a rubuta abin da ya gudana a zaman shari'a, a kuma ajiye asalin takardar hukunci. Shugaban wannan ofis shi ne babban magatakarda.

*Na uku, gidan kaso.* Ba a karɓar mutum a gidan kaso sai da takardar alƙali. Ana rubuta ranar shigarsa da ranar fitarsa cikin littafin gidan. Haka ake yi a gidan kason Yamai, da na Kollo, da na Kutukale, da sauran na ƙasa. Ranar sallama ana ba mutum takardar fita. Ya adana ta da kyau, domin ita ce shaidar cewa ba gudu ya yi ba.

Mene ne kaziye?

Kaziye rumbu ne na katuna. In kotu ta sami mutum da laifi, kuma hukuncin ya tabbata, magatakarda yana cika kati mai ɗauke da sunan mutumin, da sunan mahaifinsa da mahaifiyarsa, da ranar haihuwarsa, da laifin, da horon da aka yanke. Daga nan sai a aika katin zuwa kotun da ke kula da yankin da aka haifi mutumin, ko da a wani gari mai nisa aka yi shari'ar.

Ga abubuwan da ba su shiga kaziye:

- tsaron da aka yi wa mutum a komisariya aka sake shi;
- ƙarar da mai shigar da ƙara ya ajiye bai kai gaban alƙali ba;
- shari'ar da kotu ta wanke mutum, ko da ya yi watanni a kaso yana jira;
- rigimar gado, ko ta gona, ko ta aure;
- sulhun da mai unguwa ko sarki ya yi tsakanin mutane.

Me ya sa sai garin haihuwa?

Wannan tsari ya samo asali daga Faransa. A shekarar 1848 wani alƙali mai suna Bonneville de Marsangy ya kawo shawarar a riƙa tara hukunce-hukuncen kowane mutum a kotun garin haihuwarsa, aka fara aiki da ita a 1850. Hikimar ita ce, mutum yana iya canza gida, ya canza gari, ya canza sana'a, amma ba ya iya canza inda aka haife shi. Nijar ta ɗauki wannan tsari cikin dokar bin bahasin laifi ta 14 ga Agusta 1961, wadda aka yi wa gyare-gyare da yawa daga baya.

Ga misali. Matashin da aka haifa a birnin Maraɗi, ya taso a Yamai, kaziyensa yana Maraɗi. In kotun Yamai ta taɓa ɗaure shi, to katin hukuncin Maraɗi aka aika shi. Wanda aka haifa a Yamai kuwa, babbar kotun Yamai zai nufa, kusa da shataletalen da jama'a ke kira Jastis. Akwai irin wannan babbar kotu a Agadas, Arlit, Difa, Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Gundumomi kuma suna da ƙananan kotuna. Waɗanda aka haifa a wajen ƙasa, kamar ƴaƴan ƴan ci-rani da aka haifa a Kano, ko Kumasi, ko Abijan, ana tara katunansu a rumbu guda na tsakiya a Yamai.

Iri uku na takardar kaziye

Abin da ake ba mutum a hannu ba katin kansa ba ne, kwafin abin da ke cikinsa ne. Kwafin nan iri uku ne:

1. *Mai lamba 1.* Yana ɗauke da kome da kome. Alƙalai kaɗai ake ba shi.
2. *Mai lamba 2.* An cire wasu hukunce-hukunce daga ciki. Ana aika shi ga wasu ma'aikatun gwamnati da doka ta ambata, kamar hukumar soja lokacin ɗaukar sababbin sojoji.
3. *Mai lamba 3.* Shi ne wanda talaka ke nema. Yana nuna hukuncin ɗauri kan babban laifi ko matsakaici. Ƙananan laifuffukan tara ba su fitowa a ciki. Ɗaurin je-ka-gyara-halinka ma ba ya fitowa, sai in mutum ya sake yin laifi aka soke sassaucin. Hukuncin kotun yara shi ma ba ya fitowa.

In babu kome a kan mutum, ana ja layi a tsakiyar takardar, ko a rubuta kalmar néant, ma'ana babu kome. Yana da kyau mai koyon karatu ya san siffar wannan kalma, domin ya duba da idonsa.

Yadda ake neman mai lamba 3

1. Ka duba takardar haihuwarka, ka ga garin da aka rubuta. Shi ne zai nuna maka kotun da za ka je.
2. In ba ka da takardar haihuwa, ka fara neman hukuncin kotu mai maye gurbinta. Ba a yin kaziye sai da ɗaya daga cikinsu.
3. Ka tafi ofishin magatakarda da kwafin takardar haihuwar da katin ɗan ƙasa.
4. Ka biya kuɗin tambur da na ofis a wurin da aka tanada, ka karɓi rasit.
5. Ka tambayi ranar da za ka dawo.
6. Kafin ka bar wurin, ka karanta sunanka, da na iyayenka, da ranar haihuwa, harafi bayan harafi. Ka tabbata akwai hatimin kotu da sa hannu.

In kotun tana nesa, ana iya rubuta wasiƙar nema zuwa ga babban magatakarda, a haɗa da kwafin takardar haihuwa.

Yawancin ma'aikatu ba su karɓar kaziyen da ya wuce wata 3. Don haka kada a neme shi tun da nisa, kada kuma a bari sai ranar ƙarshe. Da zarar an ji sanarwar jarrabawar ɗaukar ma'aikata, sai a tashi.

*Abin lura:* a bakin kotu akan sami masu cewa a ba su kuɗi su fito da takarda nan take. Wanda ya miƙa takardar jabu shi ne zai amsa laifi, ko da ba shi ya buga ta ba. Araha ba ta ado. A shiga ofis da kai, a yi magana da ma'aikaci.

Neman kwafin hukunci

Zaman shari'ar laifi a buɗe yake. Kowa na iya shiga ya zauna ya saurara, sai shari'ar yara, ko wadda alƙali ya ce a rufe ƙofa. Amma binciken da ake yi kafin shari'a sirri ne. Lauyan wanda ake tuhuma da lauyan wanda aka cuta su ne ke iya duba takardun.

Bayan an yanke hukunci, wanda aka yi wa shari'a da wanda aka cuta suna da ikon neman kwafinsa a ofishin magatakardan kotun da ta yanke shi. A je da cikakken suna, da ranar hukunci, da lambar ƙara. Saboda haka, duk ranar da aka je kotu, a rubuta kwanan wata da lambar a cikin ɗan littafi. Wanda kotu ta wanke, shi ya fi kowa bukatar wannan kwafi, domin shi ne amsarsa ga masu tsegumi. Wanda bai yarda da hukunci ba kuwa, kada ya tsaya jiran kwafi: ya sanar da ɗaukaka ƙara a ofishin magatakarda nan da nan, domin wa'adin ƴan kwanaki ne kawai.

In an kama ɗan'uwa ba a san inda yake ba

A fara da komisariya ko ofishin jandarma na unguwar da aka kama shi. In ba ya nan, a tambaya a hedkwatar ƴan sanda masu binciken laifi. In an ce an miƙa shi kotu, a je ofishin mai shigar da ƙara na gwamnati, domin kowane tsaro a ƙarƙashin kulawarsa yake. A can za a san ko an sake shi, ko an miƙa shi ga alƙali mai bincike, ko an kai shi kaso. Ziyarar wanda ke jiran shari'a tana bukatar takardar izni daga alƙalin da ke riƙe da ƙarar.

Kuskure da goge laifi

A ƙasarmu sunaye suna kama da juna ƙwarai. A unguwa guda ana iya samun mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kuma da yawa an rubuta shekarar haihuwarsu ne bisa kintace. Wanda ya ga laifin da ba nasa ba a kaziyensa, kada ya kankare, kada ya yaga. Ya rubuta takardar neman gyara zuwa ga kotun da ta yanke hukuncin, ya haɗa da takardar haihuwarsa.

Wanda ya yi laifi da gaske, shi ma ƙofa ba ta rufe ba. In ya gama wa'adinsa, ya biya tara da diyya, ya zauna wasu shekaru ba tare da sabon laifi ba, doka ta ba shi damar a maido masa da mutuncinsa, hukuncin ya daina fitowa. Dokar yafiya ta gama-gari ita ma tana shafe hukunci. Amma sassaucin da shugaban ƙasa kan yi wa ƴan kaso yana rage wa'adi ne kawai, hukuncin yana nan a rubuce.

Ana iya neman kaziyen wani?

A'a. Mai lamba 3 na mai shi ne kaɗai. Mai gidan haya, ko mai ɗaukar ma'aikaci, ko uban yarinyar da ake nema da aure, ba su da ikon zuwa kotu su karɓo shi. Abin da za su iya yi shi ne su ce wa mutum ya kawo da kansa. Yin amfani da sunan wani ko matsayin ƙarya don karɓo kaziyensa laifi ne.

Ba haka abin yake ko'ina ba. A Amurka, kotunan gundumomi suna buɗe yawancin takardun shari'a ga kowa, har da labarin kamu a wurare da yawa. A Najeriya, ƴan sanda ne ke ba da takardar shaidar hali. A Nijar kuwa kotu ce, kuma ana kare sirrin mutum, domin wanda ya biya bashin laifinsa ya sami damar komawa cikin jama'a.

Inda ake samun taimako

A watan Disamba 2011 aka kafa hukumar ƙasa mai ba da agajin shari'a, wadda ake taƙaita sunanta ANAJJ. Tana da ofisoshi a manyan kotuna. Tana ba da bayani kyauta, tana kuma taimaka wa marasa ƙarfi su sami lauya. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba, ya je da amintaccen mutum, ko ya kai takardar wa malamin ajinsa na yaƙi da jahilci su karanta tare. Matambayi ba ya ɓata.

Abubuwan tunawa

- Kamu ba hukunci ba ne.
- Kaziye yana kotun garin haihuwa.
- Mai shi kaɗai ake ba mai lamba 3.
- A biya a ofis, a karɓi rasit.
- A adana takardar fita daga kaso da kwafin hukunci.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mace an haife ta a Tawa, tana aure a Yamai. Wace kotu ce ke riƙe da kaziyenta?
2. An tsare mutum kwana 2 a komisariya aka sake shi. Wannan zai fito a kaziyensa?
3. Me mutum zai yi in ya ga laifin wani an rubuta da sunansa?