Daɓe da Ƙarar Taku a Gine-ginen Boɗinga da Shagari

Daɓe shi ne shimfiɗar ɗaki da aka gada a ƙasar Boɗinga da Shagari, kuma da shi aka san gidajen yankin tun zamanin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Aikin mata ne. Sukan baza tsakuwa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, daga bisani a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ya yi tauri. Duk taurinsa, daɓe ba ya kai ƙara nesa, domin ƙasa ce bisa ƙasa.

Bene bai yawaita ba, sai a gidajen sarauta da na attajirai. Inda aka yi shi, magina kan jera azara, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba, su shimfiɗa zana ko asabari, sannan su ɗora ƙasa mai kauri. Ƙarfi da sanyi suke nema, amma nauyin ƙasar da laushin zanar sukan shanye takun wanda ke sama. Al'ada ma ta taimaka: a bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, a kan tabarma ko buzu ake zama, turmi kuwa tsakar gida yake.

Siminti da kwano sun shigo zamanin Turawa, suka bazu da kuɗin mai a shekarun 1970. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta gina rukunonin gidajen bulo masu sauƙin kuɗi a jihohi. Da benen kankare ya zama abin yayi, aka gamu da matsalar da magabata ba su sani ba. Kankare da rodi da tayil a haɗe suke, don haka jan kujera ko bugun taɓarya a sama sai ya bi ginshiƙi da bango ya sauko.

Maganin da injiniyoyi suka tsaya a kansa yana kama da dabarar azara da zana: a shimfiɗa roba ko soso a kan kankaren, a zuba wani simintin a sama, kada a bari ya taɓa bango. A Turai da wani inji mai guduma biyar ake gwada ingancin aikin. Lokacin gini ya fi dacewa a yi shi, domin bayan an manna tayil, kafet mai kauri ko silin da aka rataya a ƙasa ne ke rage ƙarar.