Robar da ke ɗaukar wutar lantarki: Yadda ta shiga wayoyi da talabijin

An daɗe da sanin roba a matsayin abin da ke tare wutar lantarki, shi ya sa ake naɗe wayoyin wuta da ita. To amma akwai wasu nau'o'in roba da sinadarai masu tushen kabon waɗanda lantarki ke iya ratsawa gwargwado, kamar yadda yake ratsa silikon da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi.

Sirrin yana cikin yadda ƙwayoyin kabon ke sarƙe da juna: ɗauri guda, sai ɗauri biyu, a jere. Wannan tsari kan bar wasu ƙwayoyin lantarki sako-sako, su riƙa zarya daga wannan gefe zuwa wancan.

Asalin binciken

Lamarin ya samo asali ne daga wani kuskure a ɗakin gwaji na Hideki Shirakawa a birnin Tokyo, inda aka zuba wani sinadari fiye da kima, sai roba ta fito tana ƙyalli kamar azurfa. A shekarar 1977 Shirakawa tare da Alan Heeger da Alan MacDiarmid na jami'ar Pennsylvania a Amurka suka gano cewar idan aka turara wannan roba da tururin aidin, ƙarfinta na ɗaukar lantarki kan ninka sau miliyoyi. Su ukun sun sami lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a shekarar 2000.

A 1987 Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka jera siraran shimfiɗu biyu na irin waɗannan sinadarai, suka sa musu wutar da ba ta kai bolt 10 ba, sai haske ya fito. Wannan ne mafarin allon da ake kira OLED. Bayan shekaru uku kuma, ayarin Richard Friend a jami'ar Cambridge ta Ingila ya samar da haske daga roba kanta.

Shigarta kasuwa

Kamfanin Pioneer ne ya fara sayar da irin wannan allo a 1997, a jikin rediyon mota. Sony ya fitar da talabijin mai inci 11 a 2007, wanda kaurinsa milimita 3 ne kacal, sai dai tsadarsa ta hana shi karɓuwa. Wayoyin salula ne suka ɗaukaka fasahar, musamman na Samsung, kafin Apple ya bi sahu a 2017.

Abin da ya bambanta allon da na LCD shi ne kowane ɗigo nasa yana samar da haskensa da kansa, ba ya bukatar fitila a baya. Inda hoto ya zamo baƙi, ɗigon a kashe yake, batir kuma ya huta. Da yake shimfiɗun sun fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa, ana iya ɗora su a kan leda mai lanƙwasuwa. Daga nan aka sami wayoyin da ake ninkewa tun daga ƙarshen 2018.

Ba a allo kaɗai aikin ya tsaya ba. Gangar da ke juyawa cikin yawancin injinan ɗaukar hoton takardu ma da irin waɗannan sinadarai aka shafe ta, ko da yake ba kowa ya lura ba.

Matsaloli

Babban abokin gabar waɗannan sinadarai shi ne danshi da iska, domin da zarar sun taɓa su sai su lalace, dole a rufe su ruf. Launin shuɗi kuma ya fi ja da kore saurin dusashewa, kuma hoton da ya daɗe wuri guda kan bar tabo a allon.

Ta fuskar sauri ma ba su kama ƙafar silikon ba, don haka ba a ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da su. A fannin farantan hasken rana, mafi inganci a ɗakunan gwaji na juya kusan kashi 20 cikin 100 na haske zuwa lantarki, yayin da na silikon suka haura kashi 26.