Majalisar Dattawan Najeriya: Daga Naɗi Zuwa Ƙuri'a

Da aka kafa Majalisar Dattawa a jajibirin 'yancin kai, tare da Nnamdi Azikiwe a matsayin shugabanta na farko a 1960, babu sanata ko ɗaya da talaka ya jefa wa ƙuri'a. Kowane yanki, Arewa da Gabas da Yamma, yana tura mutum 12, Legas na da 4, sai wasu 4 da ake naɗawa bisa shawarar Firayim Minista. Ikonta bai wuce jinkiri ba: wata ɗaya ga ƙudurin kuɗi, wata shida ga sauran, daga nan Majalisar Wakilai ta yi gaban kanta. Gwamnati tana can wajen wakilai, inda Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ke zama. Majalisa ce ta girmamawa, kuma a Janairun 1966 shugabanta Nwafor Orizu, wanda ke riƙon ƙasa, shi ne ya sanar da miƙa mulki ga sojoji. Wannan tarihin yana nuna cewa nauyin majalisar bai fito daga furfura ko sarauta ba. Ya zo ne ranar da aka ba ta ƙuri'ar jama'a da ikon cewa a'a.

Tsarin mulkin 1979 ne ya kawo hakan, da aka ɗauko salon shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. Jihohi 19 kowacce ta zaɓi sanata 5, suka zama 95. Tsarin 1999 ya mayar da su 3 a kowace jiha cikin 36, da ɗaya na Abuja, jimilla 109. A nan hikimar take. Kano na da kujeru 24 cikin 360 na wakilai, Bayelsa na da 5, amma a zauren dattawa kafaɗarsu ɗaya. Ba Kano aka zalunta ba, domin yawanta na da gidan da yake magana. Ƙananan jihohi aka ba dalilin yarda da tarayya. Ƙuduri sai ya tsallake karatu uku da kwamiti a kowane zaure, a daidaita saɓani, sannan ya je ga shugaban ƙasa, wanda ke da kwana 30. In ya ƙi sa hannu, kashi biyu cikin uku na kowane zaure ya isa, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Sai kuma abin da dattawa kaɗai ke riƙe da shi: tantance ministoci da jakadu da Alƙalin Alƙalai, da amincewa kafin a tura soja yaƙi a wajen ƙasa.

Ranar 16 ga Mayun 2006 ta fi kowace rana bayyana amfanin wannan iko. Sandar majalisa na kan teburi, kyamarorin talabijin na kunne, domin an bari a haska muhawarar tazarcen Obasanjo kai tsaye, kowane sanata ya miƙe ya yi magana mutanen mazaɓarsa na kallo. Da shugaban majalisar, Ken Nnamani, ya nemi ƙuri'ar murya kan karatu na biyu, "a'a" ta cika zauren, ya buga guduma, batun wa'adi na uku ya mutu nan take. A Fabrairun 2010, lokacin da jinyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta bar ƙasa ba mai riƙo, majalisar David Mark ta yi ƙudurin da ya ba mataimakinsa Goodluck Jonathan riƙon ƙwarya. A Agustan 2023 kuma, da ECOWAS ke barazanar kai soja Nijar, dattawa suka ce a bi hanyar sulhu, kuma sanatocin Arewa, waɗanda jama'arsu ke da dangi a Maraɗi da Damagaram, su ne kan gaba.

Masu cewa a rushe ta suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Sanata Shehu Sani ya fallasa a 2018 cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, ban da albashi. Zauren ya zama wurin hutun tsofaffin gwamnoni, kuma al'adar a ce wa wanda ake tantancewa ya rusuna ya wuce ta mayar da babban aiki gaisuwa. Senegal ta soke tata a 2012, Ghana na tafiya da zaure ɗaya. Sai dai waɗannan ƙasashe ba tarayya ba ne, ba su da jihohin da ke tsoron juna. Almubazzaranci ana maganinsa da rage alawus da buɗe kasafin majalisa ga jama'a. Ba a rushe rumbu don ɓera ya shiga.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce a'ar majalisar ba koyaushe ake jin ta ba. Sau biyu ta ƙi Ibrahim Magu a shugabancin EFCC, a Disamban 2016 da Maris na 2017, amma fadar shugaban ƙasa ta bar shi yana riƙo har 2020. Wannan giɓi ne a doka, kuma cike shi na hannun 'yan majalisar kansu: su ƙayyade wa'adin riƙon duk wanda suka ƙi, su kuma riƙa ƙuri'a da suna a kan manyan naɗe-naɗe, don mai zaɓe ya san abin da sanatansa ya ce.