Kaburbura biyu a Maijirgi

Duk wanda a cikinmu ya taɓa ɗauko kaya daga Ƙonni zuwa Damagaram ya ratsa Maijirgi, gabas da Tasawa. Da wuya mu tsaya, sai dai in mota ta yi gardama. A garin nan ne aka binne hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, kuma har yau kaburburansu na nan. Tunda bana ƙungiyarmu na waiwayen baya, ya dace mu san abin da ya faru a kan hanyar da muke cin abinci.

Rundunar mutanen nan ta taso daga yamma a ƙarshen 1898, an ce ta kai tutar Faransa tafkin Cadi. Ba a ba ta isasshen guzuri ba, sai ta mai da garuruwan da ke kan hanya rumbunta: a kwashe hatsi da dabbobi, a kama 'yan dako da mata, a cinna wa gari wuta. Ran 16 ga Afrilu 1899 suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau dattawan garin ke ba jikoki labarinsa.

Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye. A lokacin, Ƙonni ma ba rabon Faransa ba ce. Yarjejeniyar 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, ta bar wa Ingila duk abin da ke ciki, Faransa kuwa aka bar ta da hanyar arewa mai ƙarancin rijiyoyi. Sai a 1904 da 1906 aka gyara layin, Ƙonni ta koma hannun Faransa. Iyakar da muke bin layi a kanta tsakanin Illela da Ƙonni, asalinta ke nan.

Da labarin ta'asar ya isa Faris, aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su. Gawarwaki da ƙonannun garuruwa ne suka nuna masa hanya. Ya cim musu kusa da Dankori ran 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi. Ba a kwana uku ba sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine ran 16, Voulet ran 17. Sauran rundunar kuwa ba ta koma gida ba, gaba ta yi, ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

To, masu kisan suna da kabari, ana ma zuwa daga nesa a gani. Mata da yaran da aka hallaka a Koran Kalgo, ba wanda ya rubuta sunayensu. Abin da ya rage yana bakin tsofaffin garuruwan nan, kuma a kowace shekara raguwa suke yi. Cikinmu akwai 'yan Ƙonni da 'yan Tasawa, kowannensu da wayar da ke ɗaukar murya a aljihunsa.