Kumburin Muƙamuƙi: Idan Ya Tafi Ya Komo

Yau zancenmu a kan wani irin ciwon daji ne na kaluluwa, wanda ya fi kama yara daga shekara huɗu zuwa goma. Yakan kumbura muƙamuƙi har haƙora su yi girgiɗi, ko ya kumbura ciki. Ba hangum ba ne, ba kuwa sammu ba.

A shekara ta 1957 wani likita Bature, Denis Burkitt, ya ga yaro mai irin wannan kumburi a asibitin Mulago, a Kamfala ta ƙasar Yuganda. Ya bayyana ciwon a 1958, shi ya sa aka sa masa sunansa. A 1961 ya yi tafiyar mil wajen dubu goma a mota, yana bin asibitoci yana tambaya. Ya tarar ciwon yana bin ƙasa mai zafi da laima, watau inda zazzaɓin sauro ya yi gida. A 1964 kuma aka gano wata ƙwayar cuta cikin ƙarin. Ita da zazzaɓi mai yawan komowa su ke haɗa kai. To, mu da ke zaune bakin fadamar Haɗeja, inda sauro ba ya yankewa, zancen nan namu ne.

Da fari wuƙa ba ta yi amfani ba. Sai aka gwada magani, a Kamfala da Nairobi, da kuma Ibadan, inda Likita Victor Ngu, mutumin Kamaru, ya yi aikin da ya jawo masa lambar girma a Amurka a 1972. Abin mamaki, allura ɗaya ko biyu sai kumburi ya narke cikin 'yan kwanaki.

Amma murna ta koma ciki, gama yara da yawa ciwon ya komo musu. A 1967 aka buɗe wurin jiyyarsa na musamman a Kamfala, ƙarƙashin Likita John Ziegler. Suka riƙa bin yaran har ƙauyukansu, suka koyi abu uku.

Na ɗaya, in ciwon ya komo kafin wata uku, yakan fito inda ya fara, maganin farko kuwa ba ya cinsa. In ya jima bai komo ba, sau da yawa yakan sake jin magani. Wanda ya shekara lafiya, da wuya ya komo masa.

Na biyu, yakan ɓuya cikin ruwan ƙwaƙwalwa da na laka, inda allurar jijiya ba ta kai sosai. Domin haka aka shiga yin allura ta gadon baya.

Na uku, magani guda ba ya isa. Sai a haɗa iri uku ko fiye, a maimaita kan lokaci, domin abin da ya tsere wa wannan, wancan ya kama shi.

Yau in ciwon ya komo, likita yakan yanki ɗan tsoka a duba, sa'an nan ya sake haɗi mai ƙarfi da yaron bai taɓa samu ba. Akwai allurar ritukzimab, wadda ta fito a 1997, mai farautar ƙwayoyin ƙarin. Akwai dashen ɓargo, sai dai tsada gare shi, ba ko'ina ake yi ba. Ba zan ɓoye muku ba, na biyu ya fi na farko wuyar warkewa ƙwarai. In ya gagara, akwai maganin kashe zafi, kada a bar yaro yana wahala.

Abin da ya fi damuna ke nan. Uba ya ga kumburi ya saɓe, ga yankan shinkafa ya zo, ga kuɗin mota, sai ya ce an warke. Alhali saiwa tana nan. Kowa ya noma fadama ya san ciyawar da aka sare kanta aka bar gindi.

Saboda haka a cika allurai duka, ko da yaro yana guje-guje. In kumburi ya sake ɓullowa, ko ido ya karkace, ko ƙafa ta mutu, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, kada a jira ranar kasuwa. Ciwon nan da kwanaki ya ke girma. A je asibiti da katin farko, a tura ku Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Yara kuma su kwana cikin gidan sauro.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.